Ga Wadda Zama Ya Kai Ƙauye Cikin Tsofaffi

A wannan watan zan taɓo wata magana ce da ta daɗe tana yawo a bakin ɗalibaina na ajin matan aure, wato maganar masu tashi daga Samaru ko Sabon Gari su koma ƙauyukan gefe. Duk wadda ta san Samaru ta san yadda haya ta gagari mai ƙaramin albashi, domin tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 garin ke ta cika, kuma mai gidan haya ya fi son ya yanka ɗakuna ya zuba ɗalibai da ya ba mai iyali. Shi ya sa magidanta da dama suka sayi fili a Bomo, ko Biye, ko Milgoma da wajejen Shika, suka yi ɗaki biyu da katanga, suka kwashe iyali. Shi dai maigida da sassafe ya hau babur ya nufi wajen aiki. Uwargida ce ke wuni a can.

Kukan da takan fara kawowa shi ne shiru. Wadda ta tashi a Muciya ko Cikaji, inda ƙarar injin markaɗe da rediyon maƙwabta ba sa yankewa, sai ga ta a inda da an idar da isha'i ba abin da take ji sai kukan gyare. Sannan ga rashin sa'o'i. Da an gama girbi samari sun tafi ci-rani Abuja ko Legas, wasu suna haya da babur cikin Zariya sai dare, matan ƙuruciya kuwa suna cikin gidajen mazajensu, ba a ganinsu sai a biki ko suna. Masu shige da fice a gari da hantsi su ne tsofaffi mata, su ne kuma za su yi miki sallama tun ba ki gama jera kwanuka ba.

To a nan ne da yawanmu ke ɓata rawarmu da tsalle. Sai a garƙame ƙyaure, a rungumi waya, a ce wai tsofaffin nan sun cika sa ido da tambaya. Gaskiya ne suna da tambaya. Iya za ta tambaye ki 'yar wane gida ce ke, haihuwarki nawa, me ya sa har yanzu ba ki yaye na bayanki ba. Amma ki sani, a wurinta wannan gaisuwa ce, so take ta san inda za ta ajiye ki a cikin mutanenta. Ranar da naƙuda ta kama ki ƙarfe biyun dare, maigida yana aikin kwana, ƙawarki ta waya da ke Kwangila ba za ta iso ba. Wannan tsohuwar ce za ta tada jikanta ya nemo mai mota ya kai ki asibitin Shika. Kuma tun bayan hare-haren da aka kai wasu ƙauyukan Giwa a 2022, kowa ya gane amfanin maƙwabcin da ya san fuskar kowa a gari, ya kuma san baƙuwar fuska.

Shiga cikinsu ba ya buƙatar wata dabara mai yawa. A makonki na farko ki nemi izinin maigida, ki sami yarinya ta raka ki gida-gida, ki durƙusa ki gaishe su, da ɗan sabulu ko goro a hannu. Kada ki kira su da sunan yanka. Yadda kika ji jikoki na cewa Iya, ko Inna, ko Gwaggo, ke ma haka. Daddawarki da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ki saya a wurinsu maimakon ki jira sai an shiga kasuwar Samaru, kuma don Allah ban da dogon ciniki a kan abin da tsohuwa ta kwana tana dafawa. In an yi rasuwa, ki riga kowa zuwa.

Ga kuma abin da ke cikin kawunansu. A ƙarshen 1949 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a Giwa nan kusa da mu, ta yi ta rubuta labarin rayuwarta. Littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya don sanin yadda matan Hausa suka yi aure da ƙawance da goyo tun kafin zuwan Turawa. Baturiyar da ta ƙetaro teku ta zauna hira da tsohuwa guda, mu kuwa ga su a bayan katangarmu muna cewa sun dame mu! Ki tura yaranki su zauna wurinsu bayan magariba su ji tatsuniya, su ji sunayen itatuwa da na hatsi da Hausar da ba a yi mata gauraye ba.

Sai dai ban ce duk abin da suka ce ki yi na'am ba, musamman a jego. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na jami'ar nan tamu suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Zazzau, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya nauyi. Mai jegon da ta ga ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za ta nufa a ranar, ba ƙarin kunu ba. Haka nan maganar matse dakashi a zubar, wai ba shi da kyau. Wannan nonon farko shi ne rigakafin jariri. Amma yadda za ki ƙi ɗin shi ne magana. Kada ki ce wa sa'ar kakarki “wannan ai camfi ne.” Ki karɓi kwanon da hannu biyu, ki yi godiya, ki ce, “Iya, likita ya auna ni ya hana ni kanwa.” In ta matsa, ki bar maigida ya yi mata bayani. Ba ta rasa girmanta ba, ke ma ba ki sha ba.

Su ma fa suna da haƙƙi a kanki, ke da Allah ya ba karatu. Tsohuwar da ke yawan kukan ciwon kai da jiri, ki sa a auna jininta. In an ɗora ta a kan maganin hawan jini, ki riƙa tuna mata ba a dainawa don an ji sauƙi, domin a nan ne shanyewar ɓarin jiki ke samun da yawansu. Wadda idonta ya yi fari tana lalube, sau da yawa yana ce, kuma aikin cire ta ba ya ɗaukar lokaci. Ana yi a Shika, ana yi a babban asibitin ido na Kaduna. Da yawansu sun haƙura da gani ne kawai don ba wanda ya gaya musu. Ku tuna farkon 2023 da aka canja kuɗi, tsofaffin da ba su da asusun banki suka rasa yadda za su karɓi saƙon 'ya'yansu na ci-rani. Wadda ke da waya da asusu a gari ita ce ta zame musu banki, kuma har yanzu ana buƙatarta, in dai za ta riƙe amana ta rubuta kowane saƙo a littafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne karatu. Akwai tsohuwar da ta haura saba'in tana son a gyara mata Fatiha da tahiya, amma kunya ba za ta bar ta ta zauna aji ɗaya da jikokinta ba. A tsakar gidanki kuwa za ta zauna. Tabarma guda da rabin sa'a bayan la'asar, kwana biyu a mako, sun isa. Kada ki ɗaga murya in ta yi kuskure, kada kuma ki gyara mata a gaban yara. Ki maimaita ayar kawai, za ta biyo ki. Ki fara da mutum biyu, sauran da kansu za su zo da buhunan zamansu.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.