Cinikin Biri a Sama: Alƙalaminmu da Kyamarorin da Ake Turawa Nijar

 

Yau za mu ajiye maganar ƙa'idojin rubutu a gefe, mu taɓo wata 'yar sana'a da ta shigo cikinmu a hankali har ta samu wurin zama, wato rubuta wa dillalan kayan hoto talla. Daga Ikara zuwa Makarfi, a biyo ta Hunkuyi da Kudan, duk matashin da aka san alƙalaminsa na da zaƙi ya san wannan kiran: "Malam, don Allah ɗan tsara min kalamai, akwai wata kyamara da zan saka a Facebook." Sai a turo hotuna uku ta WhatsApp, a biyo su da katin waya, mu kuma mu zauna mu zuba: tsaf take, kamar yau aka ɓare ta daga kwali, ba ta taɓa ganin mai gyara ba, daga Landan ta sauka. Ba mu riƙe ta a hannu ba, ba mu kunna ta ba, wani lokacin ko lambarta ba mu kwafa daidai ba. Wannan ƙarya ce, kuma da hannunmu ake yin ta. Mu da muke wannan magana ba mu tsira ba, mun taɓa rubuta irin wannan talla, abin da ya biyo baya ne ya sa muka kawo zancen nan.

Kafin labarin, yana da kyau mu san daga ina kayan suke fitowa. Tun da Canon da Nikon suka karkata ga ƙera kyamarori marasa madubi, masu hoto a Turai da Amurka da Japan suka shiga sauke tsofaffin nasu a kasuwa. Canon 5D Mark II ta fito a 2008, Nikon D7000 a 2010, Canon 600D a 2011. Sun gama ƙuruciyarsu a can, suka iso Computer Village ta Ikeja a Legas, daga nan Kano, daga Kano zuwa shagon mai hoto a Makarfi ko Ikara, inda suka ƙara wasu shekaru suna shan ƙurar hunturu a wajen biki da suna da taron siyasa. Sai aka zo watan Yunin 2023, gwamnati ta saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake sayarwa a hukumance wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da Yuro, 655.957 kan Yuro ɗaya, ba ta motsi. Nan take kayan Najeriya suka yi wa mai sefa araha. Dillali kuma ya gano cewa kyamarar da ba za ta shiga a Zariya ba, don masu hoton Zariya sun san ciwonta, za ta shiga a Maraɗi ko Damagaram, muddin an samu wanda zai yi mata kwalliya da kalamai.

To ga labarin. Wani matashi ne a wani ƙauye kusa da Maraɗi, ya sayar da tumakinsa biyu don ya fara ɗaukar hoto da bidiyon biki. Ya ga tallar da muka rubuta. Ya kira, aka gaisa, harshe ɗaya, sallama ɗaya. Ya biya ta hannun ɗan canji. Aka naɗe kyamarar da tsumma, aka cusa ta a kwalin taliya, aka ba direba a tashar Makarfi. Daga nan Kano, daga Kano Katsina, daga Katsina Jibiya, aka tsallaka da ita. Hannu huɗu ta bi, babu rasit ko guda, sai lambar waya da aka rubuta a jikin kwalin. Ta isa, ta yi aiki kwana tara. Ranar kamu, amarya na zaune, ƙawaye sun jeru, ya danna, ta yi ƙara ɗaya ta tsaya. Mai gyara ya duba ya ce ta ɗauki hoto sama da 200,000. Dillali ya daina ɗaga wayarsa. Mu ya samu, saboda a shafinmu aka fara saka tallar. Bai zage mu ba, da ma ya zage mu ɗin da ya fi sauƙi. Cewa ya yi shi bai san dillalin ba, kalamanmu ya karanta, ya ji sun yi kama da na mutumin kirki.

Abin takaicin shi ne, duk abin da ya kamata a faɗa masa ana iya gano shi cikin rabin awa, a bakin shagon. A cikin kyamara akwai wani ɗan ƙyaure da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, masu sana'ar na ce masa shota. Yana da adadin da kamfani ya gwada shi a kai: 150,000 ga 5D Mark II, haka ma ga D7000. Wani kan wuce haka, wani kan mutu kafin ya kai, amma lambar na nan a ajiye cikin kyamarar, kamar yadda mota ke ajiye kilomitarta. Nikon takan rubuta ta a cikin bayanan da ke manne da kowane hoto, Canon kuwa yawanci sai an jona ta da kwamfuta an karanta da manhaja. Wa zai sayi mota 'yar Kwatano bai leƙa kilomita ba? Amma mu mun rubuta "kamar sabuwa" ba mu tambayi lambar ba. Gilashin gaba kuma, a cire shi, a haska shi da tocila ta baya: in an ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce ta kama shi, kuma damina ɗaya a cikin jaka mai laima ta isa ta jawo haka. A tsuke ƙofar haske zuwa f/22, a ɗauki farin bango, duk ƙurar da ta kwanta a kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo. A duba batir, na kamfani ne ko jabu, minti nawa yake riƙewa in ana bidiyo. A duba sukurorin jiki, in kawunansu sun ci, an taɓa buɗe ta. Mai diflomar da ya iya tsara labari mai babi talatin ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba.

Mun san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mana a fuska. Na farko, wai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kayan hannu ne, me ake so? Gaskiya ne, in an ce masa rariya ce. Mu ƙwarya muka ce masa. Babu laifi a sayar da tsohuwar kyamara, har wadda ta kusa mutuwa tana da mai so, akwai mai gyaran da zai saye ta don kayan cikinta. Laifin yana wajen kuɗin da aka karɓa da sunan lafiyayya. A fiƙihun da muka taso a kai ma, mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. To ta ina zai mayar? An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ko a lokacin da take buɗe, kuɗin mota zuwa da dawowa da ɗawainiyar shingaye kan cinye wani kaso mai kauri na kuɗin kayan. Da ɗan Kudan aka yi wa haka, da yamma zai zo da kawunsa ƙofar shagon, ko ya kai ƙara wajen mai unguwa. Ɗan Maraɗi ba shi da kawu a Makarfi. Dillali ya san haka, shi ya sa ya zaɓe shi. Mu ma mun sani.

Na biyu, wai mu rubutu kawai muka yi, ciniki tsakaninsu ne. Wannan ita ce maganar da ta fi ba mu haushi, don daga bakin marubuta take fitowa. Kullum a wannan zaure muna bugun ƙirji cewa alƙalami ya fi takobi, kalma tana gina al'umma, marubuci madubi ne. In an zo rabon yabo kalmarmu tana da ƙarfi, in an zo rabon alhaki sai ta zama iska? Da kalaman ba su da tasiri da dillali bai biya mu ba. Hausarsa ba ta isa ta sa baƙo ya yarda da shi ba, ya zo ya yi hayar tamu.

Na uku kuwa, wai ai mu ma haka aka yi mana, Turawa sun jibgo mana ragowarsu. Wannan akwai gaskiya a ciki. A 1988 an sauke dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta, ƙasar nan ta tashi tsaye har aka kwashe su. A 1989 aka ƙulla yarjejeniyar Basel, a 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla ta Bamako, duk don a daina mayar da ƙasar talaka juji. Har yau ana shigo da matattun kayan lantarki da sunan na hannu. Amma in muna jin ciwon haka, yaya kuma za mu ɗauki abin da ya mutu a hannunmu mu miƙa wa na gaba, wanda ya fi mu nisa da mai gyara da kayan gyara? Kuma a bar ɗora wa Bature komai. Ku shiga shafin MPB na Ingila ko KEH na Amurka, masu sayar da kyamarorin hannu, ku ga yadda suke ba kowace ɗaya daraja gwargwadon tsufanta, suna ba da garanti na wasu watanni. Ku duba yadda 'yan kasuwar Japan a eBay ke lissafa ƙura da fumfuna da ƙarzuwa ɗaya bayan ɗaya. Suna yin haka ne don suna son mai saye ya dawo. Mu kuwa a Makarfi, inda ko rake mutum zai saya ranar Laraba sai ya duba gaɓa ya ɗanɗana, mun yarda a sayar da abin dubban ɗaruruwa da hoto uku da karin magana.

Ba mu ce a daina rubuta talla ba. Rubutun Hausa bai cika ciyar da mai yin sa ba, kuma duk wanda ya samu halattacciyar hanyar kuɗin data, Allah Ya ƙara buɗi. Abin da muke nema kaɗan ne. Kada mu rubuta kalma ɗaya a kan kyamarar da ba mu riƙe ba. A saka lambar shota a layin farko. A faɗi aibi da sunansa, a saka hotonsa. A turo wa mai saye bidiyon kyamarar tana aiki, da lambar jikinta a fili, don kada a canza ta a hanya. A rubuta masa rasit, a cire batir a naɗe shi daban, a samu kwali mai soso a ciki. A kuma yi yarjejeniya a rubuce kan kwana nawa yake da su ya gwada, da wanda zai biya kuɗin mota in ta dawo. Dillalin da ya ƙi waɗannan, a mayar masa da katinsa, ya je ya rubuta da kansa.

Shi kuwa wancan matashin, mun haɗa abin da za mu iya mun tura masa, bai kai kuɗin tunkiya ɗaya ba. Kyamarar tana wurin mai gyara a Maraɗi, ana jiran a samu shota daga Kano.