Zuwa ga masu haɗa foliyesta mai narkewa da tsarin kiristal



Gaggawar yanke hukunci ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mai bincike zai haɗa sabon foliyesta, ya sa a na'urar DSC mai auna zafi, ya ga tudu biyu a zanen zafi, nan take ya rubuta cewa narkakken ya shiga yanayin kiristal mai kwarara, wato nematik. Alhali tudu biyu kan fito ko da kiristal ne kawai ya narke, ya sake ƙullawa, ya kuma narke. Friedrich Reinitzer kansa, da sinadarinsa ya narke sau biyu a 1888, sai da ya aika wa Otto Lehmann ya duba da madubin ƙara girma. Ku ɗora samfurin kan farantin zafi ƙarƙashin madubi mai tace haske, ku danna gilashin da ya rufe shi, ku ga yana kwarara kuma yana walƙiya. Sannan X-ray ya tabbatar.

Inda na fi damuwa shi ne tukunyar haɗa sinadaran. Sarƙar sinadarin HBA zalla takan lalace kafin ta narke, shi ya sa ake gauraya ta: Jackson da Kuhfuss sun haɗa ta da PET a aikin da suka wallafa a 1976, foliyestan Vectra na 1985 kuma ya ƙunshi HBA kashi 73 da HNA kashi 27, yana narkewa wajen digiri 280 na Celsius. To, wannan gauraya ba ta zama daram. Idan kuka janye iska da wuri, wani sinadarin zai tashi ya manne a wuyan tukunya, ma'auninku ya gurɓace ba ku sani ba. Ku auna asid ɗin asetik da ke ɗigowa, domin shi ne shaidar inda haɗin ya kai. Idan narkakken ya daɗe a wuta kuwa, sarƙoƙin kan yi musayar gaɓoɓi, jerinsu ya sauya. Don Allah ku rubuta zafin, tsawon lokacin da saurin sanyaya, ku kuma faɗi ko ɗumi na farko ne ko na biyu a DSC kuka ba da rahotonsa. Rashin wannan ne ke hana wani maimaita aikinku, kuma ɗalibai ne ke shan wahalar.

Ga masu zuba foliyestan a mazubi: ƙarfinsa yana bin inda ya kwarara, a gicciye yana da rauni, haka ma inda kwarara biyu suka haɗu. Ku yanki samfurin gwaji ta fuskokin biyu, ku ba da alkaluman duka.

Wassalam,
Abokin aikinku.