Wasiƙa Zuwa Ga Telolin Yakasai: A Gyara Tafiyar Aiki Kafin A Ɗora Masa Waya



Iyayena da yayyena da ƙannena masu sana'ar ɗinki a Yakasai, da maƙwabtanmu na Ƙofar Mata da Soron Ɗinki har zuwa Fagge, ina gaishe ku da aiki. Ni ba tela ba ne. Sana'ata tsara yadda kaya ke tafiya a cikin masana'anta, tun daga shigowar ɗanyen kaya har fitar wanda aka gama, kuma a wata masana'anta da ke Sharaɗa na koye ta. Amma a unguwar nan na tashi, na kuma san darajar allura a cikinta. Ko Alhaji Tanko Yakasai ai tela ne kafin siyasar NEPU ta ɗauke shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da nake yawan ji a bakin matasanku. Wannan yana tara kuɗin keken aiki na kwamfuta, wancan an tallata masa manhajar da za ta riƙe masa lissafin shago, wani kuma ya buɗe shafi a Instagram, ɗinki yana ta zuwa masa har daga Abuja. Ban ƙi ko ɗaya ba. Tsorona shi ne a ɗora waɗannan abubuwa a kan shagon da tun asali aiki ba ya gudu a cikinsa. Idan aka yi haka, karɓar ɗinki ce za ta ƙara sauri, ranar bayarwa kuwa sai ta ƙara nisa.

Malam, ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashin teburin yanka. Ledoji ne jibge, wata kan wata. A cikin kowace akwai shadda ko yadi ko atamfa, an rubuta sunan mai ita da biro a bakin ƙyalle, wani sunan ma ya fara gogewa. Ta can ƙasa tun farkon Sha'aban aka kawo ta, ba a ko warware ta ba. Ta sama jiya ta zo, amma an riga an yanka ta, saboda mai ita ya iya tsayawa a ƙofar shago yana ɗaga murya. A jikin ƙusa ga riguna huɗu an haɗa, suna jiran wuyansu ya dawo daga wajen mai aiki. Ga wando uku babu rigunansu. Kowa a shagon yana aiki, babu mai zaman banza, gumi ake yi har tsakar dare. Duk da haka idan ka tambayi kaya nawa aka miƙa wa masu su yau, sai a yi shiru.

Ɗinkin kaftani da wando, in an zauna a kansa, ba ya cin yini guda. To me ya sa mai shi yake jiran sati uku? Domin kayansa sun fi daɗewa a kwance fiye da a kan keke. Lissafin ba shi da wuya. A ce shagonka yana gama kaya biyar a yini, kuma akwai ɗari a ƙasa. Duk wanda ya kawo nasa yau, gaskiyar magana kwana ashirin zai jira. Idan ka ce masa ya dawo jibi, ko dai ka saɓa masa, ko ka tsallake wani ka saɓa wa wancan. Daga nan sunan da jama'a suka laƙaba wa alkawarin tela ya samo asali, kuma ni na yi imani yawancinku ba da niyyar ƙarya kuke faɗa ba. Ba ku ga yawan abin da ke ƙasa ba ne a lokacin da kuke buɗe baki.

Hanyar da manyan masana'antun duniya ke bi wajen magance wannan ciwo, daga masu zare da saƙa ta fito, shi ya sa nake ganin ku kuka fi kowa cancantar jin ta. Sakichi Toyoda, mutumin Japan, ɗan kafinta ne da ya tashi yana kallon mahaifiyarsa tana saƙa. A 1924 ya kammala wani injin saƙa wanda yake tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, maimakon ya ci gaba da zubo yadi mai aibi. A 1929 wani kamfanin Ingila mai suna Platt Brothers ya sayi haƙƙin ƙera injin a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ne ya kafa kamfanin motoci na Toyota a 1937. Taiichi Ohno kuma, wanda ya tsara tafiyar aikin kamfanin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a masaƙar gidan Toyoda ya fara aiki a 1932 kafin ya koma ɓangaren mota a 1943. Kamfanin a lokacin ba shi da kuɗi, ba shi da filin ajiya, kasuwarsa ƙarama ce kuma kowa da irin motar da yake so. Wato halin da kuke ciki. Ohno ya zauna ya ƙirga hanyoyin da wahala ke tafiya a banza: jira, tara kaya, kai-kawo, gyaran abin da aka ɓata, da wanda ya ɗauka ya fi kowanne muni, yin abin da ba a kai ga buƙatarsa ba. Maganin da ya kawo kati ne na takarda, wanda suke kira kanban. Sashen baya ba ya ƙera komai sai kati ya zo daga sashen gaba yana cewa an shirya karɓa. Babu kwamfuta a cikin lamarin ko kaɗan.

Ga yadda nake ganin abin a shagonku. Ka sami allo ko falle ɗaya na kwali, ka ja layi ka raba shi: an karɓa, an yanka, yana wajen aiki, ana haɗawa, guga ko bugu, an gama. Kowane ɗinki a ba shi lamba da kati biyu, ɗaya a maƙale jikin kayan, ɗaya a allo, da ranar alkawari a rubuce. Sannan ka yanke wa kanka hukuncin da ya fi kowanne ɗaci: ba za a yanka sabon yadi ba sai wani ya fita daga layin gaba. Na san hannun maigida yana ƙaiƙayin almakashi, domin idan ya yanka ashirin da safe yana jin ya rage aiki. Bai rage ba. Ya dai mayar da yadi ashirin da za a iya mayar wa masu su, ko a canza musu salo, zuwa guntaye ashirin da za su cakuɗe, hannun wannan ya shige ledar wancan.

Sati biyu da kafa allon za ka ga katuna sun taru a wuri ɗaya. Wannan wurin shi ne ƙofar ganuwar shagonka: komai faɗin titin da ke bayanta, iya faɗinta jama'a za su wuce. A wasu shagunan yanka ne, saboda maigida bai yarda kowa ya taɓa shaddar mutane ba, kuma shi ne mai zuwa Kantin Kwari, shi ne mai zuwa ɗaurin aure. A da yawa kuma aikin wuya ne, saboda mai aiki ɗaya ne yake yi wa shago goma. Sai ka san wannan wuri sannan ka san inda kuɗinka zai yi amfani. Wanda cikas ɗinsa yanka ne, ya je ya ciyo bashin keken kwamfuta, ya sayi abin da zai zauna yana jiran yadi, ga kuɗin man janareta da ya ninninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Da ya koya wa babban yaronsa yanka, da ya fi masa riba.

Kada ku ɗauka ƙananan mutane kaɗai ke faɗawa wannan rami. A shekarun 1980 kamfanin General Motors na Amurka ya zuba biliyoyin daloli a kan injuna masu sarrafa kansu don ya kamo Japanawa, bai kamo su ba. A daidai wannan lokaci, wata masana'antarsa a Fremont ta jihar Kalifoniya, wadda aka rufe a 1982 tana cikin mafiya lalacewa, aka sake buɗe ta a 1984 da haɗin gwiwar Toyota. Yawancin ma'aikatan tsofaffin ne aka dawo da su. Tsarin aiki aka canza, cikin ɗan lokaci motocinta suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk kamfanin.

To ina amfanin waya? Yana da yawa, idan allon ya riga ya zauna.

Na farko awo. Littafin awonku na san shi: bango ya yage, shafuka sun sha mai, kuma akwai Alhaji Sani har guda shida a ciki. Ka mayar da awon kowane mutum cikin waya tare da lambarsa da ranar da aka auna shi, domin jikin mutum yana canzawa, na yaro kuwa kowace sallah sabon awo ne. Ranar da aka kawo yadi, ka ɗauki hotonsa da katinsa a kai, ka tura wa mai shi ta WhatsApp tare da salon da aka yi magana, kuɗin ɗinki, kafin alƙalamin da ya bayar da cikon da ya rage. Rabin rigimar shago a nan take mutuwa, tunda babu sauran na ce ka ce. Idan aikin kwamfuta ne, ka tura masa hoton zanen da launin zaren ya amince kafin allura ta sauka, don farke aiki a jikin gezna asara ce da ba ta gyaruwa. WhatsApp Business yana da alamomi masu launi da ake liƙa wa kowace hira. Ka sa musu sunayen layukan allonka, kada ka ƙirƙiro wasu dabam. Mai aikin wuya ma ku haɗa zaure ɗaya da shi, ya riƙa faɗin guda nawa zai iya karɓa gobe, a kai masa iya wannan. Kuɗin shago kuma a buɗe musu asusu nasu, a raba su da na cefane, kuma kada kaya su fita sai ka ga kuɗi a asusunka da idonka, ba a hoton da aka nuna maka ba.

Amma babban abin da waya za ta ba ku, wanda allo ba zai iya ba, shi ne tuna baya. Idan kun yi shekara kuna rubutawa, za ku san kaya nawa kuke gamawa a sati na gaskiya, ba na fatar baki ba. Da wannan ne za ku san ranar da ya kamata a rufe karɓar ɗinkin sallah, ku faɗe ta kuna da hujja. Da shi ne kuma za ku san su wa suka kawo muku kaya a goman ƙarshe na azumin bara, ku aika musu saƙo tun watan Rajab cewa wanda ya kawo yanzu akwai ragi. Cunkoson sallah ba zai ɓace ba, kuma tsakanin ƙarama da babba wata biyu ne da kwana goma kacal, ga ankon bukukuwa a tsakiya. Amma ko kashi ɗaya cikin huɗu kuka janyo zuwa watannin da keke ke hutawa, kun sayi barcin dare da yawa. Kamfanin Zara na ƙasar Sifen da irin wannan ya yi suna: shagunansa suna aika bayanin abin da ake saye, a ɗinka kaɗan kaɗan, a ƙaro wanda ya karɓu.

Kada dai a yar da takarda. A ƙarshen Agustan 2023 masana'antun Toyota 14 da ke Japan suka tsaya cak, saboda ma'ajiyar kwamfutar da ke odar kayan haɗi ta cika. Su ke nan, da injiniyoyinsu. Mu kuwa ga ɗaukewar wuta, ga yankewar sabis, ga masu ƙwacen waya da suka addabi gari. Duk abin da ke cikin waya a tanadi kwafinsa a intanet, allon kuma ya ci gaba da zama a bango. Masu ɗinkin mata, awo da hotunan matan mutane amana ce a hannunku. A sa wa wayar makulli, kada ta riƙa yawo a hannun yara, kuma kada a ɗora hoton kowa a talla sai da izininsa.

Akwai inda ba zan ce ku bi Japanawa ido rufe ba. Su suna iya ƙin ajiya ne don farashi a wurinsu ba ya hawa kamar namu, mai kawo kaya kuma da wuya ya yi latti. A nan abin da ka saya yau ba lallai ka same shi a kuɗinsa wata mai zuwa ba. Saboda haka zaren da kullum ake nema, fari da baƙi da ruwan madara, da shafi da zif da allurai, in da hali a saye su da yawa, wannan ba ɓarna ba ce. Launin da sai jefi-jefi ake tambaya kuwa, Ƙofar Wambai da Kwari ba nisa, a sayo ranar da ake buƙata. Ajiyar da nake yaƙi da ita ita ce ta aikin da aka fara ba a gama ba.

Sai maganar yara, wadda ta fi damuna. Na ga inda aka ɗauki wannan tsari aka mayar da shi bulala, ana ƙirga wa ma'aikaci minti ana zare masa ido. Wanda ya yi haka bai fahimci komai ba. A Toyota ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya tsayar da layi idan ya ga aibi, kuma shugabansa zuwa yake ya taya shi dubawa. Yaron shagonka shi ne ya fi kowa sanin inda almakashi ke ɓuya da dalilin da keken kusurwa ke tsinka zare. Idan ya ga an karkata aljihu ya yi shiru don tsoron tsawa, rigar za ta bi ta guga ta isa hannun mai ita, ta dawo maka ranar jajibere. Ka ba shi bakin cewa a dakata. Kuma idan aiki ya daidaita har lokaci ya rage, kada a cike gurbin da sabon tuli. A bar yaran su je makaranta, su yi barci a gida. Kwana bakwai a kan keke ba jarumta ba ce, kuma kun san abin da wasu yaran ke sha don idonsu ya ƙi rufuwa.

Wanda yake son gwadawa, kada ya jira azumi, lokacin ba a koyon sabon abu. Ya zaɓi sati mai sauƙi, ya fito da duk ledojin da ke ƙasa, ya ƙirga su, ya raba da abin da yake gamawa a yini. Duk wanda lissafi ya nuna ranarsa ba za ta cika ba, a kira shi tun yanzu a faɗa masa sabuwar rana, ko a ba shi zaɓin karɓar yadinsa tun ba a yanka ba.

Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya ba da kasuwa mai amfani.

Wassalam.
Naku, ɗan unguwa.