Ritaya a Arewa: Yadda rashin tsaro ya toshe hanyar komawa gida

Shekaru da dama ma'aikacin gwamnati a Arewacin Najeriya ya san inda zai ƙare. Da zarar ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, sai ya kwashi iyalinsa ya koma mahaifarsa, inda ya riga ya gina gida ya tanadi gona. Manyan ma'aikata da hafsoshin soja kuwa Kaduna suke zaɓa, tsohuwar hedikwatar Jihar Arewa, su zauna a Unguwar Rimi ko Malali. A yau duka hanyoyin biyu sun zama abin shakka.

Babban dalili shi ne tsaro. A ƙauyuka da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato, gidan siminti na ɗan fansho ya zama alama ga masu garkuwa da mutane cewa akwai 'ya'ya a birni da za su haɗa kuɗin fansa. Ita ma Kaduna harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 da sace ɗaliban Kuriga a Maris 2024 sun zubar mata da kwarjini. An ƙulla sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, amma dattijon da zai zuba gumin shekara 35 a gini ɗaya yana neman tabbacin da ya fi alkawarin ɗan bindiga.

Saboda haka hankali ya karkata ga Kano da garuruwan da ke kewaye da Abuja, irin su Suleja da Mararaba. Asibiti ma yana jan mutane can, domin mai fama da hawan jini ko ciwon suga ya fi son zama kusa da irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sai dai birni yana da tsada. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, alhali a tsarin fansho na 2004 abin da ma'aikaci ya tara a asusunsa ne yake yanke masa abin da zai riƙa karɓa. A 2022 hukumar PenCom ta amince a ciri har kashi 25 na asusun don biyan kason farko na rancen gida, amma wanda ya rage masa ƙasa da shekara uku ya yi ritaya ba ya ciki. Matashin ma'aikaci ne damar take jira.

Wanda kuɗinsa bai kai ba yakan faɗa wa fili mai araha, kuma sau da yawa araharsa tana da dalili: ko ba shi da takarda, ko yana kan hanyar ruwa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma rusau ɗin Kano na Yunin 2023 ya nuna cewa abin da wata gwamnati ta bayar, wata tana iya rushewa. Ambaliyar Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024, da ta Mokwa a Mayun 2025, sun ƙara tambaya ta biyu ga mai sayen fili: ina ruwa yake bi da damina?

Asarar ba ta tsaya ga ɗan fansho ba. Tsohon malamin makaranta ko malamin asibiti da ya koma gida shi ne yake jagorantar ƙungiyar iyaye da malamai, yake rubuta koke zuwa ƙaramar hukuma, yake bin diddigin aikin rijiyar burtsatse. Idan ya maƙale a gidan haya a birni, ƙauyen ya rasa mai tambayar hukuma.

Yayin da zaɓen 2027 yake ƙaratowa, matasa suna da ma'auni mai sauƙi na auna duk gwamnan da ya ce ya samar da tsaro: 'yan fanshon jiharsa sun fara komawa garuruwansu, ko har yanzu 'ya'yansu ne suke biya musu haya a birni?