FILIN LAFIYA: Allurar da ke kwantar da zafin karayar ƙugu

Manoma da makiyayan Falanko, a kasa kunne.

A bakin rijiya, wajen shayar da bisashe, tsoho yana iya zamewa ya faɗi bisa ƙugunsa. Tsohuwa ma haka, ko a tsakar gida. Ƙashin tsufa ba shi da ƙwari. In aka ga ya kasa tashi, ƙafar ta gajarce, ta juya waje, to galibi ƙashin cinya ne ya karye daga sama.

Wannan karaya ba ta mai ɗori ba ce. Tana can cikin nama, kara da tsumma ba su kai gare ta. A kwantar da shi bisa ƙyaure, a sa zane tsakanin ƙafafunsa, a ɗaure su tare da rawani. Sai gidan likita. Daga can a wuce Tanut, in ta kama har babbar asibitin Damagaram.

Tsoron zafi shi ke sa tsofaffi ƙin tafiya. To, likitoci suna da dabara. Jijiya ce ke kai labarin zafi ga ƙwaƙwalwa, kamar manzo. Sai likita ya yi allura a gindin cinya, inda ta haɗu da mara, ya zuba magani kusa da jijiyar, ta yi barci. Majinyaci idonsa biyu, yana hira da ƴaƴansa. Cikin minti 30 zafi ya ragu, ya samu sauƙi na awowi. A ɗaga shi, a yi masa hoto, ba kururuwa.

Wani likitan Faransa, Bernard Dalens, da abokan aikinsa suka bayyana wannan hanya a 1989, wajen aikin yara. Yanzu a Ingila ana yi wa tsofaffi ita tun a ɗakin gaggawa. An gano waɗanda aka yi wa ba su cika ruɗewa ko kamuwa da ciwon huhu ba.

Mai jinya ya tambaya ko ana yin ta, tambaya ba laifi ba ce. Amma sai likitan da ya koye ta, don in maganin ya shiga jijiyar jini akwai haɗari. Ba aikin mai allurar kasuwa ba ne. Tramol na tebur kuwa, kada a ɗura wa tsoho. In ya sha, a gaya wa likita.

Ga inda ake kuskure. Zafi na kwantawa, tsoho zai ce a miƙo masa sandarsa, ya warke, gero na jiransa a gona. Kada a yarda ya taka. Allurar ba ta ɗora ƙashi, ƙafar ma ta yi nauyi, ba ta ɗaukarsa. Gyara sai an yi aiki, likitoci kuwa sun fi son a yi shi cikin kwana 2. Tsohon da ya daɗe kwance, gyambon baya da ciwon huhu ke binsa.