DAGA BAKIN ALLO: Ganye Mai Huji Ya Fi Ganye Mai Guba

 

Duk wanda ya bi ta lambunan da ke bakin magudanan ruwa a Ankara ko Kumasi zai ga 'yan'uwanmu na zango sun duƙufa kan kabeji da latas da albasa. Ganyen nan shi ne ake yankawa a kan wake da shinkafar da yaranmu ke saya kafin su shiga aji. Abin da ke damunmu shi ne yawan feshin maganin ƙwari. Wani zai yi feshi yau, gobe ya yanke ya kai kasuwa, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira. Wani ma da hannu yake dama maganin, ba safa, ba abin rufe hanci.

To, amma laifin ba na mai lambu kaɗai ba ne. Mu masu saye, da mun ga huji ɗaya a ganye sai mu ture shi. Mai lambu kuwa yana da iyali, dole ya ƙara feshi. Ga shi tsutsar kabeji tana sabawa da guba. Tun 1953 aka gano a tsibirin Java cewa DDT ya daina kashe ta, kuma ta yi wa magunguna da dama haka bayansa. Feshin yana kashe gizo-gizo da zanzaro masu cin tsutsar, ita kuwa ta tsira ta hayayyafa.

Mafita tana ƙofar gidajenmu, wato dogon yaro. A tsinci 'ya'yansa, a shanya a inuwa, a ɓare, a daka rabin kilo na ƙwayar. A jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a saka ɗan sabulu. Da yamma ake fesawa, domin rana tana karya ƙarfinsa, kuma a maimaita duk mako. Ba ya kashe tsutsa nan take, yana hana ta ci ne da girma, saboda haka sai da haƙuri. Mun gwada da yara a lambun makarantarmu. Kabejin ya fito da 'yan huji, amma mun ci hankali kwance.

Ban da wannan, a rufe gadon iri da gidan sauro, a riƙa tsince tsutsa da sassafe, a kwashe ragowar kabeji bayan girbi, kada kuma a maimaita shuka iri ɗaya a fili ɗaya. Idan ta kama dole sai an yi feshin kanti, a nemi malamin gona ya karanta takardar, a cika kwanakin jira.

Iyayenmu mata, idan kun je kasuwa kada ku raina ganye saboda huji, ku dai wanke shi sosai. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.