Anemoni a tankin gilashi: abin da za ka biya bayan ka bar shago

Duk ɗan kasuwar Kano da ya saba zuwa Guangzhou saro kaya ya san titin Liuhua. A nan baje kolin Canton ya zauna daga 1974 har 2008, lokacin da ya koma Pazhou gaba ɗaya, kuma har yau unguwar cike take da kasuwannin tufafi, ga tashar jirgin ƙasa a kusa. Wanda ya gama lodi ya samu rarar kwana zai iya tsallakawa kasuwar kifin ado da ke gundumar Liwan. A can ne ido ke faɗawa kan tankin ruwan gishiri mai shuɗin haske, da wata halitta kamar fure tana rausaya, ɗan kifi mai ruwan lemo da farin zane yana shige da fice a cikinta, irin wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa yara suka sani. Nan take zuciya ta raya wa mutum ya kai irinsa falonsa. Ni dai shawarata, ya zauna ya yi lissafi tukuna.

Wannan halitta, anemoni, dabba ce, dangin murjani. Kowane hannu nata cike yake da ƙananan allurai masu dafi. A cikin tsokarta akwai wata gansakuka da ke ciyar da ita idan ta samu haske mai ƙarfi, shi ya sa fitilar tanki kaɗai kuɗi ce mai yawa. Ruwa kuma sai an tace shi tas da na'ura, a zuba gishirin teku na musamman kimanin giram 35 a kowace lita. Gishirin miya ba ya yi. Masu kiwo sukan bar tanki ya yi wata 6 ko fiye kafin su saka ta. Wannan duk kuɗin shiga ne, mai hali zai iya biya.

Inda asarar take shi ne ranar da ta ji ciwo. Anemoni ba ta zama wuri ɗaya. In haske ko kaɗawar ruwa bai yi mata ba sai ta saki dutse ta kama yawo, galibi da dare. Tankin ruwan gishiri kuwa ba ya rabuwa da injin kaɗa ruwa mai farfela. Da ta matso, injin ya zuƙe ta ya yayyanka. Da asuba mai gida zai tarar ruwa ya yi fari-fari, guntattakin tsoka na shawagi, wari ya cika ɗaki, kifaye sun taru a sama suna haki. Abu uku ne suka haɗu musu. Alluran dafin da suka watsu suna ci gaba da harbi, suna taɓa fatar kifi da matattarar numfashinsa. Tsokar da ke ruɓewa tana sakin amoniya, wadda ke ƙona wannan matattara. Ƙwayoyin da ke cin ruɓaɓɓen abin kuma suna shanye iskar oksijin da ta rage. A teku ruwa ne mai yawa zai kwashe wannan duka. A tankin lita 200 babu inda zai je, kifin wata da watanni na iya ƙarewa kafin azahar.

Ceto na yiwuwa, amma shi ma da kuɗinsa: a tsame gawar nan take, a canza ruwa mai yawa, a zuba gawayin tace ruwa. Wato kullum sai kana da jarkokin ruwan gishiri a haɗe, da tanki na biyu na jinya. Wa ya faɗa maka wannan a shago?

Ciwon ma ba sai injin ya jawo ba. Wajen ɓamɓaro ta daga dutse a tekun Indonesiya ko Filifin ake yage ƙafarta, sai ta iso hannun mai saye da rauni a ƙasa inda ba a gani, ta ɗauki kwanaki tana narkewa. Lafiyayyar ma ba ta da amana: manyan nau'in Stichodactyla masu shimfiɗuwa kan yashi sukan damƙe kifin da ya gifta su haɗiye.

Yanzu ɗora wannan a kan Kano. Tankin yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan kai 40. In ruwa ya ɗau zafi, anemoni ta tofar da gansakukarta, ta yi fari, yunwa ta fara cinta. Sai na'urar sanyaya ruwa ke nan, dare da rana. In aka ɗauke wuta na 'yan sa'o'i, injin ya tsaya, iska ta ragu, to dole sola da inbata ko janareta, ga kuɗin mai. Gishiri da kayan awon ruwa kuma daga waje ake shigo da su, da dala.

Abin da ya fi ci min rai shi ne dabbar kanta. A teku tana iya yin shekaru da dama, kuma cikin nau'i fiye da 1,000, kusan 10 ne kawai ke ba wa wannan ɗan kifi mafaka. Duk wadda aka cire, an kore masu gida. Kifin nan kuwa a tanki yana rayuwa, har ya hayayyafa, ba tare da ita ba. Wanda ya nace sai ya yi, ya nemi anemoni nau'in Entacmaea quadricolor da aka raba a tanki ba daga teku ba, ya rufe bakin kowane inji da raga, kuma ya tabbata wutarsa ba ta yankewa kafin ya biya ko sisi.